Alewar da Aka Hana Baba Tela

A durowar hagu ta keken ɗinkin Baba Tela, bayan kwarkwaro da tsofaffin maɓallai, akwai wani shuɗin ƙyalle da aka naɗe gida huɗu. A cikinsa alewa ce guda uku. Kullum uku ne. In ya sha, kafin rana ta faɗi sai ya mayar da gurbinsu.

'Yarsa ta fari, wadda duk gidan ke kira Yaya, ita ta gano su. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubanta, kuma ita ke riƙe da ragamar komai. Maɓalli ta zo nema a ranar, sai hannunta ya faɗa kan ƙyallen. Ta warware shi, ta tsaya tana duban uban nata kamar wadda ta kama yaro yana lasar murfin tukunya.

Baba ya ɗage ƙafa daga keken, ya ce mata ba kwaɗayi ba ne, magani ne. Nas ɗin asibitin da yake zuwa ce ta ce kada ya rabu da su, domin allurar insulin da ake masa kowace safiya tana iya jan sugan jikinsa ƙasa fiye da kima, musamman in abinci ya makara ko ya daɗe yana taka keke. Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki daga cikinta.

"Karanta, Uwata. Da hannunta ta rubuta."

"Baba, mai ciwon suga da alewa? Wace nas ce za ta faɗi haka? Da girmanka."

Ba ta karɓi takardar ba. Ta juye alewar a hannunta, ta ajiye masa ƙyallen a kan keke, ta fita. A kan firij akwai wani tsohon gwangwanin madara. Nan ta zuba su ta rufe.

Kada wani ya ɗauka Yaya muguwa ce. Ita ta yi jinyar kawunsu lokacin da ciwon suga ya ci masa ƙafa, ita ta riƙe hannunsa ranar da aka fito da shi daga ɗakin tiyata zani a kwance inda ƙafa ya kamata ta ɗaga shi. Tun ranar ta ƙudurta a ranta cewa suga ba zai taɓa ubanta ba tana raye. Abin da ta sani game da ciwon ke nan: suga na hawa, ya yi ɓarna. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa yana sauka, kuma saukarsa ta fi gaggawar kisa. Wanda ya so ya gaya mata, ba ta saurare shi ba.

Da yamma ta kai ƙara wurin ƙaninta, wanda kowa ke kira Manaja saboda aikinsa a wani gidan mai. Shi ke yi wa Baba allura, ƙarfe bakwai daidai, kafin ya fita aiki, bai taɓa fashi ba. Shi ke kai shi asibiti duk wata, ya sauke shi a bakin ƙofa, ya dawo ɗaukarsa in an gama. Bai taɓa shiga ba, domin layi yana da tsawo kuma aiki na jira. Da ya ji labarin alewa sai ya yi dariya, ya ce tsofaffi da yara duk ɗaya ne. Washegari ya sayo na'urar gwajin suga, irin wadda ake tsira yatsa a ɗiga mata jini.

Daga nan aka shiga sabon tsari. Yaya ta janye burodi, ta rage shinkafa ta koma cokali uku, daga baya ta janye ta gaba ɗaya. Abincin Baba ya koma dafaffen kabeji da ganye da ƙwai ɗaya, da shayi baƙi ƙirin. Kuma da yake nasa daban ake dafawa, sai an sallami yara sun tafi makaranta, an share gida, sannan a ɗora tukunyarsa. Allura ƙarfe bakwai, abinci wajen goma, wani lokaci goma da rabi. Allurar kuwa ba a rage ta ko kaɗan ba, tana nan yadda likita ya tsara ta lokacin da Baba ke cin abinci ya ƙoshi.

Kowace safiya Manaja zai gwada, ya ɗauki hoton lambar, ya tura guruf ɗin 'yan gida a waya, inda sauran ƙannensu da ke nesa suke. Makon farko ɗari da tamanin. Sai ɗari da arba'in. Sai ɗari da biyar. Duk sanda lambar ta sauka, sai saƙonni su yi ta shigowa: Allah ya saka da alheri, Yaya, gaskiya kuna ƙoƙari, ai Baba ya kusa warkewa. Ranar da ta nuna sittin da takwas, autansu ya rubuto cewa Yaya ta fi likita. Yaya ta karanta sau biyu, ta yi murmushi, ta ajiye wayar. Ba wanda ya san cewa duk abin da ya gaza saba'in, ba nasara ba ce, ƙararrawa ce. Manaja ya mayar da na'urar cikin jakarta, ya ɗauko allura ya yi masa kamar kullum.

Da ranar komawa asibiti ta zo, Baba ya shirya tun da wuri, ya saka hula, ya zauna a bakin ƙofa. Manaja ya ce me za a je yi, ga lamba tana magana da kanta. A bari sai wata mai zuwa. Wata mai zuwa ma haka aka ce.

Shagon Baba ɗaki ne da ke bakin gidan, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon tsakar gida. Shekara arba'in da wani abu yana ɗinki, kuma abin da aka san shi da shi shi ne layinsa: in ya kalmashe bakin wando sai ka rantse da ma'auni aka ja. Yanzu kuwa, da ƙarfe tara ta wuce, sai hannunsa ya fara rawa. Gumi mai sanyi ya tsattsafo masa a goshi ko da fanka na juyawa. Zuciyarsa ta riƙa bugawa kamar ya yi gudu. Ya ɗauki zare ya nufi kafar allura, ya kuskure, ya sake, ya kuskure. Yunwa ta taso masa irin wadda ba ta jin lallashi. Sai ya ɗaga murya ya tambaya ko abincin ya sauka, a ce masa saura kaɗan.

Wata safiya ya yanka yadin wani mutum a baibai, hannun riga biyu duk na dama. Mai yadin ya zo, ya duba, ya naɗe kayansa ya fita, kuma bai sake dawowa ba. Wata safiyar Asabar kuma jikarsa 'yar shekara biyar, wadda yake kira Mai Gida yana tsokanarta cewa ita ce za ta gaji keken, ta shigo tana masa surutu, ya daka mata tsawar da ta sa ta fita da gudu tana kuka. Bayan ya ci abinci ya ga yarinyar na raɓe-raɓe ta ƙi zuwa kusa da shi, ya tambayi abin da aka yi mata. Bai tuna komai ba.

Yaya ta ce tsufa ne. Manaja ya ce fushi yake don an hana shi zaƙi, zai huce. A guruf aka ce a yi haƙuri da shi, ruɗewa ce ta manya.

Matar Manaja, wadda har yanzu ake kira Amarya ko da yake ta shekara takwas a gidan, ba ta da yawan magana, amma tana da ido. Ita ta lura cewa faɗan Baba yana da lokaci. Ba ya yi da yamma, ba ya yi bayan ya ci abinci. Kullum tsakanin tara da goma ne. Wata rana Yaya ta leƙa maƙwabta, Amarya na wanki, ta ji keken ya tsaya kuma shirun ya yi tsawo. Ta leƙa ta tarar da shi ya dafe teburin da hannu biyu, rigarsa ta jiƙe, leɓensa na motsi.

"'Yata," ya ce, harshensa na harɗewa, "suga. Cokali ɗaya. Don Allah."

Ba ta tsaya tunani ba. Ta dama suga cokali guda mai kyau a ruwa ta kawo, ta riƙe masa kofin ya sha. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran ta ga abin da ta jawo. Ba a yi minti goma sha biyar ba rawar ta tsaya. Ya share fuska, ya dube ta sosai kamar wanda ya dawo daga tafiya. Ta kawo masa ragowar burodin yara ya ci. Ya ɗauki zare, ya zura shi a kafar allura karo ɗaya, ya ɗaga mata ta gani.

"Kin ga? Tsohon bai ƙare ba. Mai ne ya ƙare a tanki. Ki gaya wa mijinki, shi da ke sayar da mai ya kamata ya fi kowa ganewa."

Ta yi dariya har da hawaye. Kuma don tana ganin ta gano abin da zai taimaki kowa, da Yaya ta dawo sai ta ba ta labari duka, ba ta ɓoye komai ba.

Yaya ta miƙe. Ta ɗauko na'urar, ta kama yatsan Baba ta tsira. Ɗari da hamsin. Ta juya fuskar na'urar ga Amarya, ta riƙe ta a haka har sai da Amarya ta sunkuyar da kai.

"Wata biyu ina fama, kin rushe a rana ɗaya. In an yanke masa ƙafa, ke za ki ɗauke shi? Da uban da ya haife ki ne, za ki ba shi?"

Baba ya ce a bar yarinyar, shi ya roƙe ta, kuma ta ceci ransa ne. Yaya ta ce ai ta san shi ya roƙa, matsalar ke nan. Da Manaja ya dawo ya ja matarsa ɗaki, ya ce mata ya san da kyakkyawar niyya ta yi, amma harkar lafiyar Baba ta bar wa 'ya'yansa, kada ta jawo masa magana a wurin 'yan'uwa. Amarya ta ce ko sau ɗaya ya shiga ya ga nas ɗin nan, ya tambaye ta. Ya ce zai shiga, in ya samu sarari.

Kashegari aka saka kwaɗo a ƙofar sito. Suga, madara, burodi, biskit ɗin yara, duk suka koma ciki. Makullin yana ɗaure a bakin zanin Yaya.

Sai Baba ya koma sayowa da kansa. Tsallaken titi akwai wani ɗan kanti, mai shi saurayi ne da ya tashi a unguwar, wanda Baba ya ɗinka wa wandon makarantarsa na farko. Kowa Mai Shago yake ce masa. A gaban kantin akwai benci a inuwa, inda Baba kan zauna da rana in aiki ya yi sauƙi. Can yake sayen alewa uku, ya saka a aljihu. Kwana tara yana haka lafiya, har ranar da Yaya ta zazzage aljihun rigarsa za ta wanke, ledar alewa ta faɗo.

Ranar hutunsa Manaja ya zaga layin gaba ɗaya. Ya je wurin Mai Shago, ya je wurin mai sayar da lemo, ya je wurin matar da ke sayar da kayan yara a ƙofar makaranta. Ya yi musu magana cikin ladabi. Ya ce Baba na da ciwon suga, kuma tsufa ya sa ba ya iya riƙe kansa. Duk wanda ya sayar masa da abu mai zaƙi, to ya sani guba ya ba shi, kuma in wani abu ya faru, haƙƙin na wuyansa. Ko ya roƙa, ko ya yi fushi, ko ya ce likita ne ya ce, kada a ba shi. Kowa ya yaba. Aka ce Allah ya ba mu 'ya'ya masu kula irin waɗannan.

Baba bai san an yi ba sai da ya miƙa kuɗi Mai Shago ya kau da kai yana sosa ƙeya. Baba ya gane. Ya mayar da hannunsa aljihu, ya ce ba komai, ya tsallaka titi ya koma. Ranar bai taɓa keke ba. Ya zauna yana kallon titin da ya shekara arba'in yana yi wa sutura, wanda yanzu kowa a cikinsa ya zama mai gadinsa.

Bayan wannan ya daina gardama. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ya rage da kansa. Sannan wani abu ya faru da ya faranta wa gidan rai: rawar hannun ta ragu, gumin ya ɗauke. Yaya ta rubuta a guruf cewa jikin Baba ya saba, dama haƙuri ake so. Gaskiyar kuwa ita ce, jikin da suga ya yi ta faɗuwa a cikinsa kullum yakan gaji da kururuwa. Sai ya daina gargaɗi. Sugan na ci gaba da faɗuwa, amma babu rawa, babu bugun zuciya, sai mutum ya tsinci kansa a bakin rami ba tare da ya ga hanya ba.

Ranar Talata ce. Manaja ya gwada, sittin da ɗaya, ya tura hoto, ya yi allura, ya fita. Amarya za ta kai jaririnta rigakafi, ta fita da wuri don ta kama layi, ta bar Yaya a kicin tana yanka kabeji. Yaya ta gama dafawa wajen tara, ta zuba a kula, sai aka kira ta a waya cewa wata ƙawarta ta faɗi an kai ta asibiti. Hankalinta ya tashi. Ta ɗauki kular ta saka a sito saboda kyanwa, ta datse kwaɗon yadda hannunta ya saba, ta yafa mayafi. Tana wucewa ta ƙofar shago ta ce, "Baba, abincinka na nan, yanzu zan dawo." Keken na ƙara, ya ɗaga mata hannu. A ranta Amarya na hanya. A ran Amarya kuwa, Yaya ta riga ta ba shi.

Siket ɗin makarantar Mai Gida yake kalmashewa. Ta yi tsawo, yana sakar mata baki.

Wajen goma da rabi Mai Shago ya gan shi yana tsallako titi. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa, takalmi ƙafa ɗaya. Yana tafe yana karkata, har wani mai babur ya zage shi. Ya iso ya dafa kantar shagon. Gabansa kwalaben alewa ne jere, ja da kore da ruwan ɗorawa, a gefe kuma firij cike da lemo.

"Ɗana. Ba ni lemo."

"Baba Tela, ka yi haƙuri. Ka san an hana ni."

"Ɗaya."

"Wallahi Manaja ya ce haƙƙinka na wuyana. Kai ma kamar uba kake a wurina. Ga ruwa, mai sanyi ne."

Baba ya kai hannu kansa, ya ciro hula da ƙyar, ya lalubo takardar, ya tura ta kan kanta. Bakinsa na motsi amma maganar ba ta fita daidai. A lokacin wata mata ta zo sayen sabulu, wani kuma na neman canji. Mai Shago ya ɗauka takardar magani ce, ya ɗora kwalbar alewa a kanta don kada iska ta ɗauke, ya ce yana zuwa. Ya fito ya kama Baba ya zaunar da shi a benci, ya ba shi ruwa ya kurɓa. Baba ya jingina da bango. Can ya zame ya kwanta.

Ya fara minshari. Masu wucewa suka riƙa rage murya. Mai lemo ya leƙo ya ce tsoho ya samu inuwa. Da azahar ta yi Mai Shago ya taɓa ƙafarsa ya ce, "Baba, lokaci ya yi," bai motsa ba, sai ya ce bari a bar shi ya huta, ya gyara masa hular a ƙarƙashin kai.

Biyu ta wuce Amarya ta dawo da goyo. Ta ga ƙofar shago a buɗe, keke ba kowa, sito a kulle. Ta leƙa ta tagar siton ta hango kular a kan shiryayye. Ta fito titi ba mayafi. Da ta gan shi a benci ta durƙusa tana kiran Baba, Baba, tana jijjiga kafaɗarsa. Jikinsa sanyi, rigarsa sharkaf. Idonsa a ɗan buɗe, ba ya kallon kowa.

Ta tambayi Mai Shago tun yaushe. Ya faɗa. Ta tambaya ko ya nemi wani abu. Sai a lokacin ya tuna, ya ɗaga kwalbar alewa ya zaro takardar. Rubutu ne manya-manya, da shuɗin biro. Ya karanta a fili, muryarsa na raguwa layi bayan layi:

"Ina da ciwon suga, ana yi mini allura. In kun gan ni ina gumi, ko rawa, ko magana ta rikice mini, sugana ne ya faɗi. Ku ba ni alewa uku, ko suga cokali ɗaya a ruwa, ko rabin kofin lemo, nan take. Bayan minti goma sha biyar in ban dawo daidai ba ku sake. In na dawo ku ba ni abinci. In na suma kada ku zuba mini komai a baki. Ku kwantar da ni a gefe, ku kai ni asibiti da gaggawa."

Kafin ya kai ƙarshe ya riga ya fizgo lemo ya buɗe. Amarya ta riƙe hannunsa ta nuna masa layin ƙarshe. Ya tsaya da kwalbar a hannu tana kumfa tana zuba a ƙasa.

A asibiti aka gwada, na'urarsu ta kasa ba da lamba don ƙanƙantarta. Aka ɗaura masa ruwan suga ta jijiya. Nas ɗin da ta rubuta takardar tana bakin aiki, ta gane shi tun daga hular. Da Yaya da Manaja suka iso, ta ja su gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi me yake ci, ƙarfe nawa, allura nawa, kuma me ya hana shi zuwa wata uku. Manaja ya buɗe waya ya nuna mata hotunan, jere, har da na safiyar ranar. Ya nuna su ne kamar mai gabatar da shaida a kan ƙoƙarinsa.

Ta daɗe tana duba su.

"Kun ga sittin da ɗaya, kuka yi masa allura, ba ku ba shi abinci ba?"

Ta ce allura da abinci tare suke tafiya, in an rage ɗaya dole likita ya rage ɗayan. Ta ce wanda aka yi wa allura bai kamata ya jira tukunya ba. Ta ce ƙwaƙwalwa da suga take aiki kamar fitila da mai, tana iya jure minti kaɗan, amma ba awa huɗu ba. Sannan ta tambaya, a hankali, ina alewar da ta ce ya riƙa ɗauka.

Hannun Yaya na kan makullin da ke bakin zaninta.

Sugan ya dawo daidai cikin awa ɗaya. Baba bai dawo ba. Kwana huɗu yana kwance, numfashi kawai. Wani lokaci ƙafarsa ta dama takan motsa a ƙarƙashin zani, gaba da baya, gaba da baya, kamar mai taka keke. Ranar Asabar da hantsi ta daina.

Masu zuwa gaisuwa sun cika gidan. Suka ce kwana ne ya ƙare. Suka ce ciwon suga mugu ne, ba ya jin magani. Wata dattijuwa ta riƙe hannun Yaya ta ce ita shaida ce, ba ta taɓa ganin tsohon da aka kula da shi kamar wannan ba, ko ƙwayar suga ba a bari ta shiga bakinsa ba. Manaja ya ce wa abokansa laifin asibiti ne, da ba su yi wa iyali bayani ba. Ƙannen da ke nesa suka ce su abin da aka turo musu suka gani. Mai lemo ya ce shi abin da aka ce masa ya bi. Kowa ya samu inda ya jingina nasa. Kuma kowannensu gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar ba ta kai ta rufe ramin ba.

Kwana ya ƙare, haka ne, babu mai ja. Amma mutumin nan ya faɗi abin da ke damunsa da bakinsa. Ya nuna a rubuce. Ya nuna a jikinsa, gaban mai ido, cewa cokali ɗaya na dawo da shi. Shi ke cikin jikin, shi ya zauna gaban nas ya saurara, amma da yake ya tsufa, sai maganarsa ta zama kwaɗayi, ciwonsa ya zama rigima, roƙonsa ya zama abin kai ƙara. An ƙaunace shi ƙwarai. Ba a dai yarda da shi ba ko sau ɗaya.

Mai Shago bai mayar da takardar ba. Ya manna ta a jikin firij ɗinsa, daidai inda mai saye zai gani. Ya daina zama a bencin.

Bayan mako guda, da gidan ya yi shiru, Yaya ta shiga shagon don ta rufe. Ba wanda ya taɓa komai tun ranar. Siket ɗin Mai Gida na nan ƙarƙashin allura. Layin ya taho miƙe sambal kamar yadda aka san shi, tsawon taƙi biyu, sai ya fara karkata, ya hau, ya sauka, ya fita daga bakin yadin gaba ɗaya. Takalminsa ɗaya na ƙarƙashin keken.

Durowar hagu a buɗe take, an jawo ta har ƙarshe, maɓallai sun zube a ƙasa. A kan teburin kuma ga shuɗin ƙyallen nan, an warware shi gida huɗu, an shimfiɗa. Babu komai a ciki. Wata uku babu komai a ciki, ya kuma san haka. Amma da duniya ta fara juya masa, nan ya fara dubawa.

Yaya ta koma cikin gida, ta miƙa hannu kan firij ta sauko da gwangwanin madarar. Ta dawo ta zauna a kujerarsa. Alewar na nan, ukun farko, zafi ya sa sun manne da ledarsu. Ta jera su a tsakiyar ƙyallen, ta naɗe gida huɗu yadda ta gan shi ranar farko, ta mayar bayan kwarkwaro, ta tura durowar.

Amarya na tsaye a bakin ƙofa da goyo. Yaya ta kwance makullin daga bakin zaninta ta miƙa mata, ba ta ɗago kai ba.

"Ya ce in karanta," ta ce. "Ya miƙo mini. Ya ce, karanta, Uwata."